Kokawar Resilin a Amurka: Hajar da Ake Saya da Gardamar da Ke Biyo Baya

Zuwa ga ƙanina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ga amsar tambayar da ka daɗe kana yi mini game da kokawar resilin, wadda muka taso muna kallo a talabijin muna musu a kan ko dukan gaske ake yi ko na wasa. A nan Amurka wannan musu ya mutu tuntuni. Tun a shekarar 1989 kamfanin da yanzu ake kira WWE ya shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasa ba, domin ya kuɓuce wa dokokin hukumar da ke sa ido kan dambe da kokawa. Ko yaro ɗan shekara goma da za ka tarar rataye da kambun roba ya san an riga an tsara wanda zai yi nasara tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Faɗuwar ta gaske ce, karaya da targaɗe ma na gaske ne, amma sakamakon rubutacce ne. Labari mutane suke saya da kuɗinsu, kuma duk gardamarsu a kansa take: wa aka ɗaga, wa aka danne, wa ya cancanci kambu, kuma ko masu tsara wasan sun tuna abin da suka faɗa mana bara.

Manyan masu sayar da wannan haja biyu ne. WWE, mai hedikwata a Stamford ta jihar Connecticut, shi ne uban tafiya. Vince McMahon ya saye shi daga hannun mahaifinsa a 1982, ya ƙirƙiro bikin WrestleMania a 1985, ya riƙe alƙalamin labarin kusan shekara arba'in, har zuwa 2022 da surukinsa Paul Levesque, wanda ka sani da Triple H, ya karɓi aikin tsarawa. Ɗayan kuwa shi ne AEW, wanda Tony Khan ya kafa a 2019, kuma mahaifinsa ne mai ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Fulham da ke Landan. Hajar WWE a goge take, ga fitilu, ga wuta mai tartsatsi, ga dogayen jawabai, har mutum zai iya kallon shiri na awa biyu ko uku ya tarar magana da shigowar 'yan wasa sun cinye kaso mai tsoka na lokacin. AEW kuma ta fi jingina ga abin da ake yi a cikin igiyoyi, wasanninta sun fi tsawo da haɗari, jini ya fi zuba. Magoya bayan WWE suna zargin AEW da haɗa gwanaye biyu su yi ta dirgowa daga sama ba tare da an gaya wa kowa abin da ya haɗa su faɗa ba, su kuma na AEW suna cewa makwabtan nasu sun mai da kokawa wasan kwaikwayo mai talla a kowace kusurwa. A ganina kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. AEW ta taɓa ba da labari mai numfashi, na Adam Page, wanda ya sha kaye a wasan neman kambun farko na kamfanin a 2019, ya yi ta fama da rashin yarda da kansa, bai ɗauki kambun ba sai a Nuwamban 2021 daga hannun tsohon abokinsa Kenny Omega. Sai dai irin wannan haƙurin ba kullum ake samun sa a wurinsu ba.

Batun kuɗin kallo kuwa, nan ne ƙorafi ya fi yawa. A da, kowane babban wasa na wata sai ka saye shi shi kaɗai a kan dala hamsin ko kusa da haka. A 2014 WWE ta buɗe tasharta ta intanet a kan dala 9.99 a wata, har da WrestleMania a ciki, mutane suka ga banza ta faɗi. A 2021 aka mayar da ita cikin Peacock, wata manhajar kallo ta intanet da ake biya. Daga Janairun 2025 shirin Raw na ranar Litinin ya koma Netflix, SmackDown na ranar Juma'a yana tashar USA Network, manyan wasannin wata kuma suka koma ESPN daga Satumban shekarar. Wanda yake son bin labari ɗaya daga farko zuwa ƙarshe a ƙasar nan sai ya biya wurare uku, abin da a da yake samu a wuri ɗaya ko biyu. AEW har yanzu tana sayar da manyan wasanninta ɗaya bayan ɗaya a kan kusan dala hamsin, kuma wannan yana da tasiri a kan yadda ake tsara su, domin wanda ya fitar da wannan kuɗi a dare ɗaya ba zai yarda a sallame shi da wasa biyar ba, shi ya sa daren nasu yakan yi tsawo har 'yan kallo su gaji kafin a zo babban wasa.

Gani ya kori ji, don haka na sayi tikiti na je wani babban shiri da ake watsawa kai tsaye. Abin da talabijin ba ta nuna maka shi ne yadda ake sarrafa taron. Idan lokacin talla ya zo, sai ka ga ɗaya daga cikin 'yan wasan ya shaƙe wuyan ɗaya sun zauna a tsakiyar fage suna hutawa, alƙalin wasa kuma, wanda ke da ɗan abin sauraro maƙale a kunne, yana sunkuyawa kamar mai tambayar ko an sallama, alhali saƙon masu tsarawa yake isarwa cewa saura daƙiƙa kaza a dawo. Da an dawo sai wanda aka shaƙe ya fara girgiza hannu, taro ya ɗauki tafi, wasa ya farfaɗo. A gefena akwai wani dattijo da jikarsa. Yarinyar tana ihu tana tsine wa mugun da zuciya ɗaya, shi kuwa kakan yana tafa wa mugun nan saboda ya iya aikinsa, yana gaya mini cewa wanda ya sa mutum dubu goma suka tsane shi cikin minti biyar ya fi wanda ya iya tsalle. Su biyun tikiti iri ɗaya suka saya, amma haja daban kowannensu ya tafi da ita gida.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan kasuwa shi ne mai saye yana da baki a cikin yadda ake ƙera kayan. A farkon 2014 kamfanin WWE ya ba Batista nasara a gasar Royal Rumble, wadda mai cin ta yake samun damar neman kambu a babban bikin shekara, da nufin ya jagoranci WrestleMania, 'yan kallo kuma suka ƙi, suka yi ta yi masa ihu suna kiran sunan Daniel Bryan, wani ɗan ƙaramin mutum mai gemu da ba a ma sa shi cikin gasar ba. Haka suka yi ta yi gari bayan gari har aka sauya labarin, Bryan ya yi wasa biyu a dare ɗaya a New Orleans ya fita da kambu. Shekara goma bayan haka aka maimaita, kuma wannan ne labarin da na fi so ka fahimta, domin a cikinsa za ka ga abin da ake nufi da tsari mai kyau.

Mahaifin Cody Rhodes, wato Dusty Rhodes, ya yi suna ƙwarai amma bai taɓa riƙe babban kambun wannan kamfani ba. A 1977 ya doke mai riƙe da shi a zauren Madison Square Garden na New York ta hanyar ƙirge, wato abokin karawar ya daɗe a wajen fage har alƙali ya gama ƙirga masa, hanyar da bisa ƙa'ida ba ta sauya mai kambu, ya ɗaga kambun sama aka karɓe. Ya rasu a 2015. Cody ya bar WWE a 2016, yana cikin waɗanda suka kafa AEW, sannan ya dawo a 2022 yana cewa ya zo ya ƙarasa abin da mahaifinsa ya fara. Ya ci Royal Rumble a 2023, kowa ya sa rai, sai aka kayar da shi a WrestleMania ta hanyar katsalandan daga dangin Roman Reigns, mai riƙe da kambun a lokacin. Ranar nan an zagi masu tsarawa iya zagi, wasu suna cewa an bar ƙarfe ya huce. Ya sake cin gasar a 2024, sai ga shi a watan Fabrairu an nuna ya janye ya bar wurinsa ga The Rock, tsohon ɗan kokawar da ya zama ɗan fim, wanda bai daɗe da shiga hukumar daraktocin uwar kamfanin ba. Jama'a suka ce ba su san zance ba. A kowane fili ana rera cewa Cody ake so, har shahararren ɗan fim ɗin ya sha ihu. Cikin mako guda aka juya akalar, The Rock ya mari Cody a bainar jama'a ya koma mugu, kuma da yawa suna ganin bai taɓa yin aiki mai kyau irin na wannan watannin ba cikin shekaru masu yawa.

A daren ƙarshe na WrestleMania a Philadelphia, ranar 7 ga Afrilun 2024, akwai wani ɗan lokaci da har yau ake ambato. Roman Reigns yana riƙe da kujerar ƙarfe, Cody yana gabansa a galabaice, gefe guda kuma ga Seth Rollins sanye da baƙaƙen kayan da suke sawa lokacin da shi da Reigns suke ƙungiya ɗaya. A watan Yunin 2014 Rollins ne ya ci amanar Reigns, ya maka masa kujera a baya. Da Reigns ya bugi Cody da ya tsira da kambunsa, amma sai ya juya ya rama a kan Rollins, wannan jinkirin kuma ya ba Cody damar gamawa da shi, mulkin kwana 1,316 ya zo ƙarshe. Babu wanda ya tsaya ya yi wa taro bayani. An dogara ne ga cewa mai kallo ya riƙe abin da ya faru shekara goma baya, kuma an saka masa da wannan riƙon. Waɗanda suka zagi kayen 2023 da yawansu suka dawo suna cewa da an ba shi kambun a lokacin da ba a samu wannan dare ba, ko da yake har yanzu akwai masu cewa sa'a ce kawai ta gyara kuskure, ba hangen nesa ba.

Akwai kuma hajar da 'yan kallo suka ce an cuce su a kanta. Kofi Kingston, haifaffen Ghana, ya shafe shekara goma sha ɗaya a kamfanin kafin goyon bayan jama'a ya kai shi ga kambu a WrestleMania ta 2019, amma bayan wata shida aka sa Brock Lesnar ya karɓe shi cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba a kuma ba shi damar ramawa ba. Mutane ba kayen ne ya ɓata musu rai ba, watsar da labarin ne kamar ba a taɓa yin sa ba. Haka a Maris na 2025 a Toronto, John Cena, wanda ya shekara ashirin yana jarumi, ya juya ya zama mugu bisa ishara daga The Rock. Duniyar kokawa ta girgiza, amma da aka zo WrestleMania a Las Vegas, inda Cena ya ɗauki kambunsa na goma sha bakwai, The Rock bai ko leƙo ba, aka bar masu kallo da tambayar da ba a amsa musu ba.

Mafi arhar abin da na saya shi ne tikitin wani ƙaramin wasa a zauren motsa jiki na wata makaranta, inda ba mu fi mu ɗari biyu ba a kan kujerun ninkewa, kuɗin shiga kuma bai kai na riga ɗaya a babban fili ba. Ban san sunan kowa ba, babu allo, babu jawabi. Minti biyu da farawa, saurayin da ke matsayin jarumi ya diro daga igiya ya riƙe gwiwarsa ta hagu. Abokin karawarsa, wani mai tumbi da ya manyanta, ya tsaya ya dubi gwiwar, ya dubi taro, ya yi murmushi. Daga nan bai sake taɓa wani wuri a jikin yaron ba sai wannan gwiwa: ya taka ta, ya naɗe ta a igiya, ya buga ta da ƙarfen kusurwa lokacin da alƙali ya juya baya. Can wajen minti na goma sha biyu yaron ya samu sarari, ya ɗaga mutumin a kafaɗa zai yi bugun da ya saba gamawa da shi, sai ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, suka zube tare, zauren ya yi tsit kafin wata mata a layin gaba ta fara kiran sunansa, sauran muka ɗauka. A ƙarshe ya ci wasan ne ta hanyar naɗe mutumin ba zato, ba da ƙarfi ba, domin ƙarfin an riga an nuna mana babu shi. Bayan an tashi na same shi a bakin ƙofa yana sayar da hotunansa a kan wani ɗan tebur, kuma ko da ya miƙe zai ba ni canji, da ƙafar dama ya dogara, yana ɗingisa ta hagun har ya koma ya zauna.

Naka,
Yayanka