Ƙotar libarba da salatif ɗin da ya kunyata ni a Arizona

Shekara ta huɗu ke nan ina aikin gadi a Finiks, babban birnin jihar Arizona ta Amurka, kuma biyu daga ciki da bindiga a ƙugu nake yinsu. A nan mai gadin da ke ɗaukar makami sai ya yi horon awa 16 kafin a ba shi kati, sannan duk shekara ya koma a sake gwada hannunsa. A wurin wannan gwajin na bana ne abin ya same ni, kuma har yau in na tuna sai na ji zuciyata ta yi nauyi.

Bindigar tawa libarba ce ƙirar Smith & Wesson, wadda suke kira Model 10, mai cin harsashi shida. Na hannu na saya, tsohuwar 'yan sanda ce. Ƙotarta katako ne ɓari biyu, sukuru ɗaya tal ya ratsa su ya haɗa, sai wani ɗan tsinken ƙarfe a can ƙasa da ke shiga rami a cikin kowane ɓari don kada su goce. To zafin garin nan ba irin na wasa ba ne. A 2023 an jera kwana 31 kullum sai ma'auni ya kai digiri 43 ko fiye da rana, kuma iskar busasshiya ce kamar ta hunturun Sakkwato. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ruwan gatari ke kwance wa ƙotarsa a rani ya san abin da irin wannan iska ke yi wa itace. Ƙotar ta fara motsi a hannuna, kaɗan-kaɗan, kamar haƙorin yaro mai shirin famfara. Na ɗaure sukurun. Bayan mako biyu ta koma. Na sake ɗaurewa da ƙarfi. Da ta ƙi, sai na yi abin da na tashi na ga ana yi: na samo baƙin salatif na masu wayarin na naɗe ta tam.

Ranar gwaji muna layi mu goma sha ɗaya. Malamar da ke duba mu, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga ɗan sanda, ta zo kaina ta tsaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in buɗe gangar da ake zuba harsashi in zazzage harsasan, na yi. Ta karɓa, ta kama ƙotar da yatsa biyu ta murɗa, duk da salatif ɗin sai da ta ce ƙwas. Ta ɗaga ta sama kowa ya gani, ta ce wannan ba za ta yi harbi a filinta ba, in je in gyara in dawo. Mutum goma suna kallona, har da yaran da na haife su. Na mayar da ita kube, na fita, na zauna cikin mota na fi minti ashirin ban tayar ba. Kwana tara na yi ina gadi ba makami, a kan albashin da ya fi ƙanƙanta.

Da zafin rai na shiga intanet na yi odar ƙotar roba. Ta iso bayan kwana huɗu, ta ƙi shiga. Ashe wannan bindiga gindinta iri biyu ne, akwai mai zagaye akwai mai kusurwa, tawa mai kusurwa ce, ni kuma na sayi ta mai zagaye. Ba wanda za ka riƙe wa riga. Lambar wayar masu sayarwar inji ke ɗauka, ya ce danna ɗaya, danna uku, har ka gaji. Kuɗin mayarwa ni na biya. A ranar na yi kewar kasuwar Kurmi, inda za ka ɗauki abu ka juya shi a hannu, ka gwada, in bai yi ba ka ce wa mai shago "Alhaji, canza mini", ku yi dariya ku rabu.

Wani abokin aiki ne ya kwatanta mini shagon wani tsoho mai gyaran bindiga a bayan gari. Shi ma sai da na yi waya aka ba ni rana. Ban samu ko "sannu da zuwa" ba, balle a tambayi iyali, wannan kam har gobe ban saba da shi ba. Amma aikin da na gani ya sa na manta.

Abu na farko ya buɗe gangar ya leƙa ramukan shida ɗaya bayan ɗaya, ko da yake a gabansa na nuna masa ba komai ciki. Ya warware salatif ɗin a hankali. A ƙarƙashinsa gumin tafin hannuna ya taru, ƙarfen ya fara jan tsatsa. Ya zaɓi sukundireba daga cikin wajen ashirin, wanda bakinsa ya cika tsagar sukurun daidai, ya kwance. Ya juya ɓarin dama ya nuna mini wata lamba da aka buga a cikin katakon, ya haɗa ta da lambar da ke gindin bindigar: ba su zo ɗaya ba. Ya ce a da kamfanin kan daidaita kowace ƙota da bindigarta ya sa mata lamba, wannan ta wata bindigar ce aka ɗora. Sannan ya haska tocila a ramin tsinken nan. Ramin da ya kamata ya zama zagaye ya zama kamar ƙwai, ya cinye. Nan ciwon yake. Sukurun da na yi ta azabtarwa ba ruwansa, ƙarfin da na sa ma ya nutsar da zoben ƙarfen da ke riƙe kansa cikin katakon, har ya fara tsaga shi siririyar tsaga kamar gashi.

Gyaran bai kai ya kawo ba. Ya goge tsatsar, ya shafa kaki a jikin ƙarfen da tsinken don kada gam ya kama su, ya cika ramin da gam ɗin nan mai bututu biyu da ake gaurayawa, irin wanda kowane mai gyaran babur a Kano ke da shi, ya ɗiga a tsagar, ya mayar ya ɗaure da sauƙi. Ya ce sai ya kwana. Don za ta kwana a wurinsa, ya buɗe wani littafi ya rubuta lambarta da sunana, doka ce. Washegari na murɗa iya ƙarfina, ko gezau. Dala arba'in.

Abin da ke cina ke nan, 'yan'uwa. Gam ɗin muna da shi. Hannun ma muna da shi, maƙeranmu da ke ƙera bindigar toka tun daga bututu har kunama ba su gaza wannan tsoho basira ba. Amma mu ba ma tsayawa mu tambayi me ya sa abu ya yi sako-sako. Robar tayar keke ita ce maganin komai: kan famfo, madubin babur, ƙafar kujera, gindin bindigar ɗan sintiri da ke tsare ƙauye da daddare. "A lallaɓa, za ta kai." In ka yi magana a ce ka cika iyayi. Alhali gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma makami ba kujera ba ne, in ya goce a hannu wani zai samu.

Da na tambaye shi wace ƙota zan saya ta zafi, bai miƙo mini mai tsada ba. Ya ce in kawo hannuna. Ya ɗora mini wata ta roba ta kamfanin Pachmayr da ta rufe bayan ƙarfen, mai laushi, tana shanye bugun harbi, amma ta ƙara nisa har gaɓar farko ta manuniyata ba ta kai kunama ba sai na karkace hannu. Ya ce a'a, dole bututu ya miƙe da damtse. Ya ɗora ta kamfanin Hogue, wadda guda ɗaya ce ana zura ta daga ƙasa a ɗaure da sukuru a gindi, ta bar bayan a buɗe, yatsana ya kai. Ya gwada abin zuba harsashi shida lokaci guda ya ga bai ci karo da gefen hagu ba. Ya faɗa mini aibinta ma: roba na kama riga, kuma tana ɓoye danshi, don haka in riƙa cire ta lokaci-lokaci ina shafa mai. Ita na ɗauka don bazara, katakon na naɗe a tsumma sai sanyi ya shigo.

Na koma filin ranar Asabar. Malamar ta sake kama ƙotar ta murɗa, ta miƙo mini ta nuna layi na huɗu. Da na fito na kira ƙanena a gida, na ce ya sauko da bindigar tokar Baba daga inda take rataye a zaure, ya kai wa maƙerin da ke bakin kasuwa, su warware robar nan da ke gindinta tun muna yara, ya ɗauko mini hoton abin da ke ƙarƙashi.