Sharhi: Siwic mai BGP a takarda, har sai an turo masa teburin intanet gaba ɗaya

Wannan siwic ɗin ofis mai kofa 48, wato na'urar haɗa kwamfutoci, irin wanda dillalai ke tallatawa da cewa zai ɗauke muku sayen rauta (na'urar da ke zaɓar wa bayanai hanya zuwa intanet), ya burge ni da farko, kuma zan faɗi alherinsa kafin in zo kan abin da ya ƙona min rai. An saye shi ne don ya haɗa ma'aikata da kamfanonin intanet guda biyu, da lambar AS (lambar shaidar cibiyar sadarwa a intanet) da kuma adireshi /24 (rukunin adireshi 256) da aka karɓo daga AFRINIC, hukumar raba adireshin intanet a Afirka. Saita BGP, tsarin da cibiyoyin intanet ke sanar da juna hanyoyi da shi, a kansa ba ya cin minti goma. Ka rubuta lambar AS ɗinka, ka sa adireshin maƙwabci, wato na'urar kamfanin intanet, da tasa lambar, ka tabbatar babu abin da ya toshe TCP 179, ƙofar da BGP ke bi, ka sanar da /24 ɗinka. Nan take maƙwabtan biyu suka nuna Established, wato haɗin ya ƙullu. An ba layin farko local preference (makin fifiko wajen fita) 200, na biyu ya zauna a 100 ɗinsa, aka maimaita lambar AS sau uku a kan na biyun don kada masu shigowa su fifita shi. Duk ya bi umarni ba gardama.

Matsalar ta fito ne ranar da ɗaya daga cikin kamfanonin ya yi gyara a wajensa, sai maimakon hanya ɗaya tilo ta 0.0.0.0/0 (wadda ke nufin a turo masa komai) da aka yi yarjejeniya a kanta, ya sako teburin duniya kacokan, wato jerin hanyoyin intanet gaba ɗaya. Teburin IPv4 na intanet yanzu ya haura hanyoyi 900,000. Takardar wannan siwic kuwa hanyoyi 32,000 ta yi alkawari, a can ƙasan shafi da ƙananan haruffa. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ya mutu. Da ya ce ya cika ya rufe haɗin, da an gane cikin minti ɗaya. Ina! BGP yana nan yana nuna Established, ka nemi hanya a teburinsa ka same ta, amma fakiti, wato ƙunshin bayanai, ba ya wucewa. Dalili shi ne teburi biyu ne a cikin irin waɗannan na'urori. Akwai wanda BGP ke ajiyewa a RAM, akwai kuma wanda ake sauke wa TCAM, ƙaramar ma'adanar da ke tura fakiti da gudun waya. RAM ta yi ta haɗiya, TCAM ta cika tun a dubbai na farko. Hanyoyin da ba su sami gurbi ba sai aka tura zirga-zirgarsu wajen CPU, shi kuwa CPU ɗin siwic ba don wannan aka yi shi ba. Ya hau kashi 100, ya kasa aika saƙon keepalive (na cewa yana nan da rai) a kan lokaci, agogon hold (wa'adin jiran wannan saƙo) ya ƙare, haɗin ya faɗi. Har da haɗin kamfani na biyu da bai yi laifin komai ba. Da ya farfaɗo sai teburin ya sake kwararowa, a koma gidan jiya. Wasu shafuka na buɗewa, wasu a'a, shi ya sa mutum zai fara zargin DNS (mai fassara sunan shafi zuwa adireshi) ko faiba. Gargaɗin kuwa layi ɗaya ne tak a cikin log, a binne cikin ɗaruruwan saƙonni.

Ba sabon ciwo ba ne. Ranar 12 ga Agusta 2014, da teburin duniya ya tsallake hanyoyi 512,000, manyan rautoci tsofaffi sun yi irin wannan tuntuɓe a ƙasashe da yawa. Shekara goma da wani abu bayan haka, in na'ura ta zo da BGP amma ba ta da iyakar kariya a kunne tun daga masana'anta, ni ban yafe wa masu ƙera ta ba.

Maganin bai da tsawo. A sa prefix-list, wato matatar hanyoyi, a ƙofar shigowa da ke karɓar 0.0.0.0/0 kaɗai, a ƙara maximum-prefix, wato iyakar yawan hanyoyin da za a karɓa, a kan kowane maƙwabci, ko da 100 ne, don haɗin ya yanke da kansa idan aka yi ambaliya. A ƙofar fita kuma kada a bar komai ya wuce sai /24 ɗinku. Wannan na biyun kada a yi wasa da shi, domin wannan siwic yana sanar da duk abin da ya koya daga wani kamfani ga ɗayan idan ba a hana shi ba, duk da cewa takardar ƙa'idar intanet RFC 8212 ta 2017 ta ce a ƙi komai har sai an rubuta ƙa'ida. Mu a Najeriya mun ga inda irin wannan yoyo ke kaiwa: a watan Nuwamba 2018 kuskuren saiti a kamfanin intanet na MainOne ya karkatar da zirga-zirgar Google ta China Telecom sama da awa ɗaya.

Bayan an sa matatun nan, gaskiya ya zauna lafiya, har na fara tunanin in ba shi tauraro huɗu. Sai na tuna lasisi. BGP ba ya cikin lasisin da ke zuwa da shi, sai an biya na sama, kuma kun san yadda dala take. Dillali ba zai faɗa muku ba sai kwali ya iso. Sai kuma batun rabon TCAM, wadda hanyoyi da ACL (dokokin hanawa ko barin fakiti ya wuce) da adireshin kwamfutoci ke cin kwano ɗaya a cikinta. In kana son ƙara wa hanyoyi wuri sai ka sauya tsarin rabon, kuma ba ya aiki sai an kashe siwic an kunna, wato ofis gaba ɗaya ya tsaya.

Agogonsa ma sai an taɓa. Ya zo da keepalive daƙiƙa 60, hold 180. Idan masu aikin titi suka datse faiba can gaba da na'urar kamfani, kofar siwic tana nan da koren wuta, shi kuma zai yi minti uku yana zuba fakiti a rami kafin ya koma layi na biyu. BFD, tsarin gano yankewar layi da sauri, a milisakan 300 sau uku yana sauko da wannan ƙasa da daƙiƙa ɗaya, kuma ya yi aiki a nan da kyau, amma sai kamfanin intanet ya yarda ya kunna a nasa ɓangaren. In ya ƙi, a rage agogon zuwa 10 da 30.

Ga wanda zai karɓi hanyar 0.0.0.0/0 daga kamfanoni biyu, ko ya ƙara da hanyoyin cikin gida kaɗan daga IXPN, mahaɗar cibiyoyin intanet ta Najeriya, zai yi masa aiki. Wanda ke son teburin duniya don ya zaɓi hanya mafi kyau zuwa kowace ƙasa, ya sayi rauta ta gaske ya bar siwic a bayanta. Tauraro biyu da rabi nake ba shi, kuma rabin nan don BFD ne.