Koci a cikin fili ko koci a gefen fili: Jaworski da Austria

A ƙwallon kwandon Filifins, ɗan wasan da ya koma koyarwa yana da hanya biyu, kuma kowacce tana da gwarzonta a PBA, gasar ƙwararrun 'yan wasa ta ƙasar.

Robert Jaworski ya haɗa taura biyu a baki, kuma ya tauna. Daga 1985 yana jan ragamar ƙungiyar Ginebra a matsayin koci, yana kuma saka riga yana shiga wasa, har ya haura shekara 50. Ya ci kofi huɗu a haka. A wani wasa na 1985 an fasa masa leɓe da gwiwar hannu, aka kai shi asibiti aka ɗinke, ya dawo fili, ƙungiyarsa da ke baya ta juyo ta ci. Yaron da ya ga kocinsa da ɗinki a baki, ina zai samu bakin cewa ya gaji? Matsalar dai, mai haki a fili ba ya ganin wasan gaba ɗaya, kuma wa zai ce masa ya fito ya huta?

Leo Austria kuwa sai da ya ajiye takalmi tukuna. Shi ne gwarzon sababbin 'yan wasa a 1985, daga baya ya zauna a benci yana karanta wasa cikin natsuwa. Da ƙungiyar San Miguel ya ɗauki kofin Filifins, ɗaya daga cikin kofunan PBA, sau biyar a jere, daga 2015 zuwa 2019, ko da yake samun dogo irin June Mar Fajardo ya sauƙaƙa masa aiki.

Ni dai, da ni ke da ƙungiya, Austria zan ɗauka. Amma tikitin kallo, na Jaworski zan saya.