Wane Banki Ya Fi Dacewa da Ɗalibi Mai Neman Sanin Makamar Aiki?

Da zarar ɗalibi ya karɓi takardar neman gurbin horo daga sashensa, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne sunan banki. So yake ya ce wa abokai ya samu First Bank ko Zenith ko UBA, a gan shi da safe ya ɗame cikin kwat, katin shaida na lilo a wuyansa. Babu laifi a son hakan. Sai dai wata uku ne, in ya yi tsawo shida, kuma abin da zai rage maka bayan an sallame ka shi ne aikin da hannunka ya taɓa. Don haka kafin ka tambayi sunan banki, tambayi tebur ɗin da za a zaunar da kai, da kuma wanda zai riƙa duba aikinka.

Fara da sanin irin horon da za ka yi. Akwai na dole, wato tsarin horar da ɗalibai a wuraren aiki na SIWES, da hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta ƙirƙiro a 1973, wanda ke da maki, da littafin rahoto da ake sa wa hannu kowane mako, da malamin da zai zo ya duba ka a wurin aiki. Ba kowane kwas ne ke cikin wannan tsari ba, sai ka tambayi ofishin SIWES na jami'arku. Akwai kuma na ganin dama, wanda ɗalibi ke nema da kansa don kada dogon hutu ya tafi a banza. Mai na dole yana buƙatar wurin da zai karɓe shi a rubuce, ya buga masa hatimi. Mai na ganin dama ya fi sakewa, amma shi ma ya duba kalandar makarantarsa da kyau, domin tun yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, hutun jami'o'i ya ƙara rarrabuwa, ba ya faɗowa a lokaci ɗaya. Kada ka yi wa manaja alkawarin wata uku sannan a kira ka jarrabawa a tsakiya.

Mafi yawan ɗalibai reshen babban bankin kasuwanci suke nufa, irin su Access, GTBank, Zenith, UBA da First Bank, wanda shi ne mafi tsufa, tun 1894. Su ne ke da rassa a kusan kowane babban gari, saboda haka kana iya yin horonka kana kwana a gidanku. A cikin reshe kuwa wurare uku ne ɗalibi zai iya faɗawa, kuma bambancinsu ya fi bambancin da ke tsakanin banki da banki girma.

Kantar kashiya ita ce kowa ke hange, amma da wuya a ba ɗan horo akwatin kuɗi, domin duk abin da ya yi ƙasa a lissafin yamma wani ne zai biya. Iyakarka ka tsaya gefe ka ga yadda ake ƙirga da inji, ake ɗaure bandir, ake daidaita abin da ke cikin aljihun tebur da abin da kwamfuta ta nuna kafin a tashi. Kallon ma darasi ne, amma mako biyu ya ishe shi.

Teburin sauraron ƙorafin kwastomomi shi ne inda nake so ɗalibi ya nema da bakinsa. A nan za ka ga banki yadda jama'a ke ganinsa. Tsoho zai zo da takardar POS a ninke cikin hula, ya ce an cire kuɗinsa amma mai shago ya ce ba su shigo ba. Wata baiwar Allah za ta zo an rufe mata asusu saboda sunan da ke kan BVN ɗinta bai yi daidai da na katin ɗan ƙasa ba, a ɗaya Hauwa'u, a ɗaya Kulu. Wani ya tura kuɗi lambar da ba ita ba, yana so a dawo masa da su yanzu-yanzu. Kowane ɗaya yana da fom ɗinsa, da sashen da ake tura shi, da kwanakin da ake jira. Tun da Babban Bankin Najeriya ya fito da BVN a 2014, babban ɓangare na aikin wannan tebur ya koma tantance mutum: wane ne shi, ina yake zaune, wane matakin asusu ya dace da takardun da ya kawo. Wanda ya yi wata biyu a nan zai fita da abin da aji ba ya koyarwa, wato yadda ake kwantar da hankalin mutumin da ransa ya ɓaci a kan kuɗinsa ba tare da an yi masa ƙarya ba. Idan kana jin Hausa da Turanci duka, a reshen Arewa za ka zama abin nema, domin ma'aikata da dama da aka turo daga wasu sassan ƙasar suna buƙatar mai fassara.

Na ukun shi ne sashen talla, kuma a nan ya kamata ka buɗe ido. Wasu rassan suna karɓar ɗalibai ne kawai don su ƙara yawan masu yawo a rana. Za a miƙa maka tarin fom a ce ka shiga kasuwa ko makaranta ka buɗo asusu, a yanka maka adadin da za ka kawo a mako. Neman kwastoma sana'a ce ta gaske, kuma mai fasahar baki zai amfana. Amma idan duk horon ya ƙare a kan roƙon 'yan'uwa da abokan ajinku su buɗe asusun da ba za su yi amfani da shi ba, to bankin ne ya ci riba da kai. Ga 'yan mata musamman, ina ba da shawarar a tambaya tun ranar farko: wa za a haɗa ni da shi in za a fita, ƙarfe nawa ake dawowa, kuma dole ne in je ofishin kwastoma ni kaɗai? Wurin da ya ƙi amsa waɗannan tambayoyi a fili bai cancanci lokacinki ba.

Hedkwatar manyan bankunan wani abu ne daban. Yawancinsu suna Legas, tsakanin Marina da Victoria Island, kuma a can ne ake sassan da reshe ba shi da su: tantance haɗarin rance, baitulmali, cinikin kuɗin waje, binciken cikin gida, tsaron na'urori. Ɗalibin tattalin arziki ko lissafi ko kimiyyar kwamfuta da ya samu wannan gurbi ya dace ƙwarai, kuma sunan zai yi nauyi a takardar neman aikinsa. Matsalar ita ce masauki da kuɗin mota. In ba ka da ɗan'uwa a Agege ko Obalende ko wani wuri da zai ba ka wurin kwana, ɗan abin da za a biya ka ba zai riƙe ka ba.

Sai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa. Ga ɗalibai da yawa a Arewa wannan magana ce ta addini kafin ta zama ta aiki, kuma ba abin da za a raina ba ne. Jaiz ne ya buɗe ƙofa a 2012 da rassa uku, Abuja da Kaduna da Kano. TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, sannan Alternative Bank. Bayan natsuwar zuciya, akwai fa'ida ta ilimi da mutane ke mantawa. A bankin kasuwanci rance kuɗi ne ake bayarwa a ɗora ruwa. A nan kuwa ciniki ne, kuma kowane mataki yana da takardarsa. Ɗauki murabaha: ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana son dilar atamfa, ya kawo takardar farashi daga dillali, banki ya saya ta zama mallakarsa tukuna, sannan ya sayar masa da ribar da aka bayyana, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Idan aka karɓi sa hannun mai saye kafin kayan su shiga hannun banki, cinikin ya ɓaci, kuma akwai kwamitin malamai da ke sa ido kan irin wannan. Ɗalibin da aka bari ya bi fayil ɗaya daga farko har ƙarshe zai fahimci murabaha da ijara (haya) da mudaraba (haɗin gwiwar mai jari da mai juya shi) fiye da yadda zai haddace su don jarrabawa. Fannin kuma yana da gaba. Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, kuma Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman ta nazarin harkar bankin Musulunci ga mai son zurfafawa. Inda suke da rauni shi ne yawan rassa. Ba su kai manyan bankuna yaɗuwa ba, don haka gurbi kaɗan ne, masu nema da yawa. Kuma kada ka ɗauka don sunan Musulunci za a sassauta maka. Lokacin zuwa da neman kwastoma duk suna nan.

Ƙananan bankunan tallafa wa masu ƙaramin jari su ne ɗalibai ke yi wa kallon raini, ni kuwa su nake sa wa a gaba idan koyo ake nema. Dalili a bayyane yake. Inda ma'aikata ba su da yawa, ba a da halin ajiye mutum yana ɗaukar hoton takardu kawai. Za ka bi jami'in rance zuwa shagon mai neman bashi, ka ga yadda yake ƙirga buhunan da ke ƙasa, yana tambayar cinikin jiya da na shekaranjiya, yana leƙa littafin bashin da mai shagon ke bin mutane, ya tsaya ya gaisa da maƙwabci don ya ji ko mutumin mai riƙon amana ne. Daga nan ku dawo ku rubuta rahoto, a zauna a yanke hukunci, bayan wata ɗaya ku koma karɓar biya. A babban banki wannan aikin a rarrabe yake tsakanin sassa da dama, wasunsu ma ba a garinku suke ba. A nan kuwa gaba ɗayansa yana gabanka, kamar yaron tela da ke ganin riga tun daga awo har zuwa guga. Amma a yi hattara da abu biyu. Yawancinsu da kuɗin ruwa suke aiki, wasu ma ruwan mai yawa, sai ka san matsayinka a kan haka tun kafin ka shiga. Sannan ka tabbatar suna da lasisi mai rai. A 2023 Babban Banki ya soke lasisin irin waɗannan bankuna fiye da 100, kuma yana wallafa sunayen masu lasisi a shafinsa na intanet. Dubawar ba za ta ci maka minti goma ba.

Kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya irin su OPay, Moniepoint da PalmPay sun samu karɓuwa sosai tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Ga ɗalibin kwamfuta da ya samu shiga sashen gina manhaja ko nazarin bayanai, babu kamarsu. Amma abin da aka fi samu a garuruwanmu shi ne raba na'urar POS da bin wakilai, wanda ya fi kusa da talla fiye da aikin banki. Ka san wanne ake kiranka ka yi.

Babban Bankin Najeriya, da hukumar inshorar ajiya ta NDIC, da bankunan raya ƙasa kamar Bankin Masana'antu da Bankin Manoma mai hedkwata a Kaduna, sun fi dacewa da mai sha'awar tsare-tsare da bincike. Aikinsu ya fi natsuwa, babu mai tura ka neman kwastoma. In ka samu, ka riƙe. Sai dai kada ka zauna jiran su kaɗai har lokaci ya ƙure, ka kai takarda wurare da dama a lokaci guda.

Maganar kuɗi kuma a yi ta a fili. Wasu wuraren suna ba da ɗan alawus, wasu ba sa ba da ko sisi, kuma abin da ke fitowa ta tsarin SIWES bai taka kara ya karya ba, ga shi yakan makara. Yi lissafin kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, da abincin rana, da ɗinkin kayan da za ka riƙa sawa, ka ninka da kwanakin aiki. Sau da yawa reshen da ke kusa da gida, ko da ba ya biya, ya fi na nesa mai biya sauƙi. Tambayi kuma dokar sutura, da wurin salla, da yadda ake yi ranar Juma'a. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya samo maka gurbi a banki, ɗan damfara ne.

Akwai wani haɗari da ya shafi kowane zaɓi, kuma shi ne ya fi damuna da ƙannenmu. Za ka ga abin da ke cikin asusun mutanen da ka sani, maƙwabta da iyayen abokai. Wannan sirri ne, shari'a ta kare shi, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta kare shi. Wani zai same ka a unguwa ya ce ka duba masa lambar wayar da ke kan wani asusu, ko ka taimaka a buɗe asusu da takardun wanda bai zo ba. Ƙi shi kai tsaye. Haka idan ma'aikaci ya ce ka yi aiki da lambar sirrinsa, ko ka ara masa asusunka kuɗi su wuce ta ciki. Kowace shiga kwamfutar banki tana barin sawu, kuma in bincike ya taso babu mai cewa ai ɗalibi ne.

Idan ƙanina ne ya tambaye ni, ga yadda zan jera masa. Mai karanta akanta ko harkar banki da ke son ya iya aiki da hannunsa, ya fara neman bankin da ba ya mu'amala da ruwa ko ƙaramin banki mai lasisi, ya roƙi a haɗa shi da jami'in rance. Wanda burinsa babban banki ya ɗauke shi bayan bautar ƙasa, ya nemi reshen babban bankin, amma ya nace a kan teburin kwastomomi ko sashen ayyukan cikin gida. Mai kwamfuta ya nufi hedkwata ko kamfanonin waya in yana da masauki. Kafin ya amsa wa kowa, ya je reshen da kansa da hantsi lokacin da layi ya cika, ya nemi ɗan horon da ke wurin, ya tambaye shi abin da ya yi jiya daga safe zuwa yamma.