Lenovo LOQ 15 ko Acer Nitro V 15: Wacce Ta Fi Dacewa da Mai Tace Bidiyo a Yamai?

Ɗan'uwanmu ya yi tambaya cewa yana ɗaukar bidiyon biki da suna a nan Yamai, yana tace su da CapCut kuma yana son ya koma DaVinci Resolve, sannan idan ya samu sarari da dare yakan taɓa wasannin eFootball da GTA V. Ya ce kuɗin da ya tanada bai wuce jika 600 ba, kuma an nuna masa kwamfutocin tafi-da-gidanka guda biyu, Lenovo LOQ 15 da Acer Nitro V 15, kowacce da katin hoto na RTX 4050, sai kuma wata HP Victus mai RTX 2050 da RAM 8 GB wadda ta fi su araha sosai. Malam, ga amsata, kuma na gina ta ne a kan cewa bidiyo shi ne sana'arka, wasa kuwa hutu ne.

Abu na farko shi ne ka rarrabe tsakanin abin da ake iya canzawa bayan saye da abin da ba a iya canzawa. RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita nan take, da ma'ajiyar SSD ana ƙara su duk lokacin da kuɗi ya samu, kuma kwamfutocin nan biyu suna da gurbi biyu na RAM da gurbi biyu na SSD. Amma katin hoto a liƙe yake da uwar kwamfuta, fuskarta, wato sikirin, ma da wuya ka samu wanda zai sauya maka ita da mafi kyau, haka nan fankoki da hanyoyin fitar zafi. Saboda haka kuɗinka ya kamata ya tafi kan waɗannan ukun, ko da za ka fara da ƙaramar ma'ajiya.

Da wannan ma'aunin Victus mai RTX 2050 ta fita daga lissafi. Katin yana da ƙwaƙwalwa 4 GB kacal, eFootball da GTA V za su tafi a kansa ba tare da wata matsala ba, amma ranar da ka jera bidiyon 4K a DaVinci Resolve ka fara gyaran launi, 4 GB ɗin zai cika, manhajar ta fara tsayawa. Ba na ƙin Victus a matsayinta na samfuri, wannan haɗin ne bai dace da aikinka ba.

Yanzu ga biyun da suka rage. Sunan katin ɗaya ne, ƙwaƙwalwarsa ma ɗaya ce, 6 GB, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, domin kamfanin Nvidia ya bar wa kowane mai ƙera kwamfuta damar zaɓar yawan wutar da zai ba katin. A Nitro V 15 katin yana tsayawa ne a wat 75, alhali a LOQ 15 ta 2023 yana kaiwa wat 95, ta 2024 kuma wat 105. Lamarin ya yi kama da babura biyu masu inji iri ɗaya, amma an matse wa ɗaya hanyar mai. Gaskiya ne cewa RTX 4050 ba ya ƙara wani abin kirki idan ya haura kusan wat 100, don haka tazarar ba ta kai yadda lambobin suke nunawa ba, kuma a wasannin da ka ambata da wuya idonka ya gane bambanci. Inda za ka ji shi shi ne lokacin fitar da dogon bidiyo, da kuma sababbin wasanni masu nauyi idan wata rana ka so gwada su.

A ɓangaren furosesa ma, wato injin da ke sarrafa ayyukan kwamfuta, LOQ ce a gaba. Samfurin 2024 mai lamba 15IRX9 yakan zo da Core i5-13450HX mai cibiya 10, Nitro V mai lamba ANV15-51 kuwa da Core i5-13420H mai cibiya 8. Dukansu na Intel ne, kuma wannan alheri ne gare ka, saboda suna da fasahar Quick Sync da ke sauƙaƙa karanta bidiyon H.264 da H.265, wato irin wanda wayoyi da mafi yawan kyamarori suke ɗauka. A nan ina jan hankalinka ga wani abu: akwai LOQ mai Ryzen 7 7435HS, lambar 7 tana jan ido, amma wannan furosesa ba shi da ƙaramin katin hoto na cikinsa, don haka babban katin ne ke aiki koyaushe, batir kuma ya ƙare da wuri.

Fuska ita ce wurin da nake so ka fi tsayawa, domin ita ce masu shago ba sa yawan magana a kanta. Dukansu inci 15.6 ne, dukansu suna sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, mai wasa zai ji daɗin kowacce. Sai dai fuskar Nitro V 15 da aka fi samu tana nuna kashi 45 cikin ɗari ne na ma'aunin launi na NTSC, wanda bai kai kashi biyu bisa uku na sRGB ba, wato ma'aunin launin da aka fi amfani da shi a intanet, alhali LOQ ta 2024 tana nuna sRGB gaba ɗayansa. Ka ɗauka kana tace bidiyon kamu, ƙawayen amarya sun yi anko da atamfa ja, ita kuma ta saka shadda mai ruwan ganye. A fuska mai ƙarancin launi jan zai fito maka a kode, kamar mai ruwan lemo, sai ka ƙara masa ƙarfi har ya yi maka daidai a ido. Idan bidiyon ya isa wayar uwar amarya, wadda fuskarta ta fi ta kwamfutarka nuna launi, sai a ga jan ya yi yawa, fatar mutane ma ta sauya. Kai ba ka yi ganganci ba, amma sunanka ne zai ɓaci. Ka lura kuma cewa LOQ ta 2023 a mafi yawan lokuta tana zuwa da fuska mai kashi 45 ɗin nan, saboda haka sunan LOQ kaɗai bai isa ba, sai ka duba lambar samfurin a takardar da ke manne a ƙarƙashinta.

Nitro V ma tana da nata rinjayen, kuma ba ƙarami ba ne ga mutumin da ke zaune inda ake ɗauke wuta. Cajarta wat 135 ce, ta LOQ kuwa 170, furosesa mai harafin HX kuma ya fi mai harafin H cin batir. Batiransu sun yi kusa da juna, 57 Wh da 60 Wh, don haka idan wuta ta tafi kana cikin yankan bidiyo, Nitro V za ta fi daɗewa, idan kuma da sola kake aiki ta fi sauƙi ga batiran gidanka. Ta fi sauƙin ɗauka, kusan kilo 2.1 ne, LOQ kuwa kusan 2.4, kuma tana da mashigar Thunderbolt 4 wadda ke karɓar ma'ajiyar waje mai sauri. Amma kada ka sa rai da yin wasa a kan batir a ɗayansu, domin da zarar an cire caja ƙarfin katin yana sauka.

Sai zafi da ƙura, waɗanda masu gwajin kwamfuta a Turai ba sa lissafi da su. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, kwamfuta kuma da iskar ɗakin take sanyaya kanta. Idan ta yi zafi fiye da kima sai ta rage gudu don kare kanta. LOQ an yi mata hanyoyin sanyaya da za su ɗauki wuta mai yawa, wannan ya sa na fi natsuwa da ita a aiki mai tsawo. Kowacce ka ɗauka, kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma, ka ɗaga bayanta kaɗan don iska ta shiga, kuma bayan hunturu ka kai ta a buɗe a share fankokinta.

Zaɓina gare ka shi ne LOQ 15IRX9 mai fuskar sRGB cikakke da RAM 16 GB, ko da hakan zai sa ka haƙura da SSD 512 GB na ɗan lokaci. Idan LOQ ɗin da ke shagon ta 2023 ce mai fuska iri ɗaya da ta Nitro V, to babbar hujjarta ta faɗi, sai ka ɗauki wadda ta fi araha, ka tara rarar don sayen fuskar waje mai launi na gaskiya. Ka ware kuma ɗan kuɗi don na'urar karanta katin SD, tunda duka biyun ba su da mashigarsa.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka nemi a kunna ta a gabanka. Ka buɗe manhajar Nvidia ka ga iyakar wat ɗin katin da idonka, ka rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, wato wurin rubuta umarni na Windows, don ganin lafiyar batir idan ta hannu ce, ka sa lambar siriyal a shafin kamfanin don sanin ko akwai sauran garanti. Ka duba madannan ma, domin tsarin jerin haruffan waɗanda suka zo daga Faransa AZERTY ne, na Dubai da Amurka kuwa galibi QWERTY, kuma gajerun hanyoyin da hannunka ya saba da su wajen yanka bidiyo suna canza wuri tsakanin biyun. Ka bar GTA V ko fitar da wani bidiyo ya yi kamar minti 20 yana tafiya, ka saurari fankokin, sannan a rubuta maka lambar samfurin da wa'adin garanti a kan rasit.