Sharhi kan wani shagon gyaran kwamfuta a titin Beirut

Makonni biyu da suka wuce na kai kwamfutar ofishinmu wani shagon gyara da ke titin Beirut a Kano, bayan da ta fara ɓata lokaci tana binciken faifanta a duk lokacin da aka kunna ta. Kafin mai shagon ya kwance ko da kusa ɗaya, sai da ya tambaye ni yadda muke kashe ta idan an tashi daga aiki, ni kuwa na gaya masa gaskiya cewa mukan danne maɓallin wuta har sai fankarta ta yi shiru.

A nan ne na gane cewa mutumin ya san sana'arsa. Ya yi mini bayani cewa tun da tsarin sarrafa wutar kwamfuta mai suna ACPI ya fito a shekarar 1996, wanda kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka haɗa hannu wajen samarwa, maɓallin ya daina aiki irin na makunnin fitila. Idan aka taɓa shi sau ɗaya aka saki, saƙo ne yake aika wa Windows cewa ta rufe manhajoji, ta kammala rubuta abin da bai gama sauka a faifai ba, sannan na'urar ta mutu cikin tsari. Dannewa ta kimanin daƙiƙa 4 kuwa yanke wuta ce kai tsaye, tamkar an ɗauke lantarki ana tsakiyar aiki, kuma an tanade ta ne domin lokacin da kwamfuta ta sandare har linzami ya ƙi motsi.

A gabana ya buɗe Control Panel, ya shiga Power Options, ya saita maɓallin a kan kashewa gaba ɗaya, yana mai cewa a kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa barci kawai yake sa na'urar. Daga nan ya umarce ni da in taɓa da yatsana, muka zuba ido har allon ya yi duhu da kansa, kuma wannan gwajin ya fi mini amfani a kan dogon bayanin.

Inda shagon ya gaza shi ne wajen karɓar baƙi, domin ɗakin ƙuntatacce ne, babu kujerar zama, kuma sai da na nemi rasit har sau biyu kafin a rubuta mini. Duk da haka ladan aikin bai yi tsada ba, bai kuma matsa mini in sayi sabon faifai ba, illa dai ya ce in kwafe takardun ofis a wani wuri dabam kafin mako ya ƙare.