Wata huɗu da Linux Mint a shagon buga takardu

Shagona yana Mabera, a garin Sakkwato, kuma yawancin masu kawo mini aiki ɗalibai ne masu rubuta furojet. A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen kula da Windows 10, ita kuwa Windows 11 sai na'ura mai TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta. Tsohuwar kwamfutata ba ta da shi. Kuɗin sabuwa kuma, a bar kaza cikin gashinta.

Wani ƙanena ya zo da Linux Mint a filasha, wato wata manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta da ke maye gurbin Windows. Na ce ba zan taɓa abin da nake ci da shi ba. Ya ce, "Yaya, kunna ta kawai daga filashar, ba abin da zai goge." Haka aka yi. Sai da na kwana uku ina lalube kafin na yarda ya girka.

Abin da ya fi burge ni bai taka kara ya karya ba a wurin wasu: ƙ, ɗ da ɓ. Akwai tsarin rubutun Hausa a ciki, zaɓa kawai za ka yi. Da can sai in kwafo harafin daga wata tsohuwar takarda in liƙa, ɗaya bayan ɗaya, har wani malami ya taɓa dawo mini da aiki don "ƙasa" ta koma "kasa". LibreOffice, manhajar rubutun da ke zuwa da ita, na buɗe fayilolin Word, yana mayar da su PDF da danni ɗaya. Na'urar ma ta yi sauƙi, fankarta ta rage kuka, ko da yake ainihin jarrabawar sai zafin Afrilu.

Amma fa CorelDraw ba ya aiki a kanta. Katin biki da na walima nake yi da shi, kuma hannuna bai faɗa da Inkscape, madadinsa a Linux, ba har yau, don haka kwamfutata ta biyu tana nan da Windows ɗinta.

Ƙanen nawa yana yawan wa'azin cewa a irin wannan manhaja 'yanci ake nufi, ba kyauta kawai ba: ka kwafa, ka gyara, ka ba wani, duk halal. Gaskiya ne, sai dai maƙwabcina mai shago bai saurari wannan ba. Na sa masa LibreOffice da VLC, mai kunna bidiyo, a kan Windows ɗinsa, ban ce masa ya canja komai ba. Makon jiya ya aiko yaronsa aron filashar.